Masarautar Daura: Ƙasa, Tarihi da Siyasar Tushen Hausa

Daura masarauta ce a arewa maso gabashin Jihar Katsina, a kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Ita ce ɗaya daga cikin masarautu biyu da jihar take da su, ɗayar kuwa ita ce Masarautar Katsina. A yau ƙasar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar daga cikin 34 na jihar, wato Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Idan aka auna ta da Kano ko Zazzau ko Katsina, ƙaramar ƙasa ce a faɗi da yawan jama'a. Amma a wurin Hausawa tana da matsayin da faɗin ƙasa ba ya bayarwa, domin labarin asalin daulolin Hausa a nan ya soma, shi ya sa ake kiranta tushen Hausa. A zamanin nan kuma sunanta ya cika bakin 'yan siyasa saboda nan ce mahaifar Muhammadu Buhari, wanda ya mulki Najeriya sau biyu.

Ya kamata tun farko a bambanta abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya. Akwai birnin Daura, inda fadar Sarki take. Akwai Masarautar Daura mai ƙananan hukumomi biyar. Sannan akwai shiyyar Daura a siyasa, wato mazaɓar sanatan Katsina ta Arewa, wadda ta haɗa ƙananan hukumomi 12, cikinsu har da Mani, Mashi, Dutsi, Ingawa, Bindawa, Kankiya da Kusada, waɗanda a sarauta suna ƙarƙashin Sarkin Katsina ne. Sau da yawa ana cakuɗa waɗannan uku a muhawarar rabon muƙamai da ayyuka, kuma cakuɗawar tana ɓoye wanda ya samu da wanda ya rasa.

Wuri da maƙwabta

Birnin Daura yana kusa da layin digiri 13 a arewa da tsakiyar duniya. Tsakaninsa da birnin Katsina, wanda yake yamma da shi, kimanin kilomita 80 ne, Kano kuma tana kudu da shi da nisan da ya kusa kilomita 120. Manyan hanyoyi huɗu ne suka haɗu a garin: ta Katsina da ta bi ta Mashi, ta Kano da ta bi ta Kazaure da Ɗambatta, ta gabas da ta nufi Zango da Ɓaure, sai ta arewa da ta ratsa Kwangwalam ta shiga Nijar ta nufi Damagaram.

Daga arewa masarautar ta yi iyaka da Jihar Damagaram ta Nijar, musamman yankunan Matamaye da Magarya. Daga kudu da gabas ta yi iyaka da Jihar Jigawa, wato ƙasar Kazaure da yankin Ɓaɓura. Daga yamma kuwa ƙasar Katsina ce. Uku daga cikin ƙananan hukumominta, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, suna kan iyakar ƙasa da ƙasa kai tsaye. Wannan shi ne babban abin da ya tsara rayuwar yankin tun fiye da shekara ɗari, daga kasuwa har zuwa auratayya.

Ƙasa, yanayi da tsirrai

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, mafi yawanta jigawa mai rairayi, sai fadamu jefi-jefi inda ruwa yake kwanciya da damina. Tana gefen arewa na yankin ciyayi da itatuwa tsilla-tsilla, dab da inda yankin Sahel ya soma. Damina gajeriya ce, takan zauna daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, wata shekarar ma ya gaza haka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da hazo da iska mai bushewa, sannan bazara ta biyo da tsananin zafi a Maris da Afrilu da Mayu.

Babu wani babban kogi mai gudana duk shekara a masarautar. Rafuffukan da ake da su na damina ne, da rani ya shiga sai su ƙafe. Saboda haka tun fil azal rijiya ce abin dogaro, kuma ba mamaki ba ne a ce labarin kafuwar garin a bakin rijiya aka gina shi. A zamanin baya-bayan nan an gina madatsun ruwa a yankin, fitattu su ne ta Sabke da ta Daberam, domin ruwan sha da noman rani.

Itatuwan da suka saba da wannan ƙasa su ne gawo, kuka, tsamiya, aduwa, magarya, kanya da goruba, sai darbejiya da aka shigo da ita daga baya ta cika bakin tituna da farfajiyar makarantu. Gawo yana da daraja ta musamman wurin manomi, domin yana zubar da ganyensa da damina, bai hana shuka samun rana ba, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Yawan sare itatuwa don makamashi da faɗaɗa gonaki ya bar ƙasa a buɗe ga iska, shi ya sa Katsina take cikin jihohi 11 na Arewa da gwamnatin tarayya ta ware a matsayin masu fuskantar kwararowar hamada, waɗanda shirin dasa katangar itatuwa ta Afirka ya shafa.

Tarihin yankin cike yake da shekarun yunwa, kowace da sunanta. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi masu yawa a duk faɗin Sahel. Yunwar 1984 kuwa, musamman a tsallaken iyaka, 'Yar Buhari ake ce mata, domin ta zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina ƙetarawa.

Jama'a, harshe da sana'a

A ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Najeriya, ƙananan hukumomin masarautar biyar sun haura mutum 900,000 a jimlace, Ƙaramar Hukumar Daura ita kaɗai tana da fiye da 200,000. Mazauna ƙasar Hausawa ne da Fulani, kusan dukkansu Musulmi, tare da zuriyar Barebari da Buzaye da suka daɗe da narkewa cikin jama'a. Karin harshensu shi ne Dauranci, wanda masana harshe suke sanyawa cikin rukunin Hausar gabas tare da Kananci, duk da cewa a mulki Daura da Katsina jiha ɗaya suke.

Noma da kiwo su ne ƙashin bayan tattalin arziki. Gero da dawa ne abincin gida, wake, gyaɗa da riɗi kuma su ne na kasuwa. A fadamu da bakin madatsun ruwa ana noman rani na tumatir, albasa, tattasai da sauran kayan miya. Ana kiwon shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Tsofaffin sana'o'in gari irin su saƙa, rini, jima, dukanci da ƙira sun ja baya ƙwarai tun da kayan masana'anta suka mamaye kasuwa. Da rani matasa da yawa sukan tafi cirani Kano, Kaduna, Abuja da biranen kudu, su dawo kafin shuka.

Kasuwar da ta fi kowace suna a masarautar ita ce ta Mai'aduwa, wadda take ci ranar Lahadi. Kasuwa ce ta ƙasa da ƙasa, inda dabbobi suke shigowa daga Nijar, fatake su loda su a manyan motoci zuwa kudancin Najeriya, hatsi da kayan masarufi kuma su ƙetara arewa. A nan naira da sefa suke haɗuwa hannu da hannu.

Labarin Bayajidda

Labarin da aka gada daga kaka da kakanni ya ce kafin zuwan sarakuna maza, mata ne suke mulkin Daura, ana kiransu Magajiyoyi. Ta farkonsu a jerin sunayen ita ce Kufuru. An ce mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni, arewa da garin yanzu, kafin Magajiya Daurama ta dawo da fada inda take a yau, garin ya ɗauki sunanta.

A zamanin Daurama ne, in ji labarin, wani ɗan sarkin Bagadaza mai suna Abu Yazid, wanda Hausawa suka sani da Bayajidda, ya baro ƙasarsu ya sauka Borno. Ya auri 'yar Mai na Borno, daga baya zama ya yi tsami ya gudo yamma. Ya bar matarsa a Garun Gabas kusa da Haɗeja, inda ta haifi ɗan da ya zama sarkin Biram. Ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa, sai ta ce masa rijiyar garin, Kusugu, akwai macijiya a ciki mai suna Sarki, wadda ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya tafi rijiyar ya kashe macijiyar. Da gari ya waye aka gano wanda ya yi aikin, Daurama ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta yake so.

Daurama ta ba shi ƙwarƙwara, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Daga baya ita ma ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida ne suka zama sarakunan Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram sun zama bakwai, su ne Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka danganta su da ƙasashe bakwai da labarin ya kira Banza Bakwai: Zamfara, Kabi, Nupe, Gwari, Yawuri, Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Har rabon aiki labarin ya yi wa 'yan'uwan: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi.

Abin da masana suka ce

Masu nazarin tarihi ba su ɗauki labarin a matsayin rahoton abin da ya faru kalma da kalma ba. Abdullahi Smith, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna a wani nazari da ya buga a 1970 cewa daulolin Hausa sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka zuwa garuruwa zuwa birane masu ganuwa, ta hanyar noma, ƙira da fatauci, kuma labarin da kansa ya yarda cewa baƙon ya tarar da gari mai sarauniya da fadawa da maƙera. Wasu masanan, irin su W. K. R. Hallam, sun yi ƙoƙarin alaƙanta sunan da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a shekarar 947, suna ganin wataƙila mabiyansa ne suka tsero kudu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo wata ruwayar dabam, wadda ta ce Bawo bawan Sarkin Borno ne.

Wannan saɓani da kansa darasi ne. Ruwayar fadar Daura ta ba sarakunan Hausa asali na sarauta daga gabas. Ruwayar Sakkwato, wadda aka rubuta bayan an kawar da waɗannan sarakuna, ta mai da su zuriyar bawa. Kowane ɓangare ya riƙe ruwayar da ta dace da matsayinsa. Haka ma kalmar Banza Bakwai, ra'ayi ne na masu ba da labarin game da maƙwabtansu, domin Kabi a zamanin Kanta, da Nupe, da Kwararrafa, dauloli ne da suka girgiza ƙasar Hausa da ƙarfinsu.

Abin da labarin ya adana wanda ba a jayayya a kansa shi ne girman matsayin mata a tsohon tsarin sarautar Daura. M. G. Smith, wanda ya rubuta littafi guda a kan tsarin mulkin masarautar, aka buga shi a 1978, ya bayyana cewa sarautar Magajiya ta ci gaba da zama mai nauyi a fada ko bayan mulki ya koma hannun maza. Sarautun Kaura da Galadima su ma suna cikin labarin macijiyar, kuma har yau suna cikin manyan sarautun Daura.

Jihadi da rabuwar Daura gida uku

Kafin ƙarni na 19, Daura, kamar wasu ƙasashen Hausa, ta daɗe tana cikin inuwar daular Borno. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɓarke a 1804, Malam Isiyaku ne ya karɓo tutar Daura. A wajajen 1805 ya ci birnin, Sarkin Daura na lokacin, wanda aka sani da Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Daga nan birnin Daura ya zama masarautar Fulani mai biyayya ga Sakkwato.

Gidan sarautar Hausa bai mutu ba. Bayan shekaru na yawo daga wannan gari zuwa wancan, zuriyar suka kafa mazauni biyu: Zango, wanda ya kafu a wajajen 1825 kuma ya fi ƙarfi, da Ɓaure. Kowane sarki a cikin ukun yana kiran kansa Sarkin Daura. Wannan shi ne asalin sunan Zangon Daura. Irin haka ta faru a wasu wurare: sarakunan Katsina na Hausa sun koma Maraɗi, na Gobir sun koma Tsibiri, na Zazzau sun koma Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja.

Zango da Ɓaure sun rayu ne a tsakanin manyan ƙarfi biyu. A kudu akwai daular Sakkwato ta hannun Kano, Katsina da Kazaure. A arewa akwai Damagaram, wadda ta bunƙasa ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu a rabin ƙarni na biyu, har tana ƙera bindigogi da igwa. Sarakunan Daura na Hausa sun shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, ƙasarsu ta zama fagen hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu har zuwa ƙarshen ƙarnin.

Zuwan Turawa da yanka iyaka

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Turawan Ingila kuma sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan Katsina ta miƙa wuya. Iyakar da ta raba su an tsara ta ne a Turai, ta yarjejeniyoyin 1890, 1898, 1904 da 1906, sannan wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Abin da ya fi damun Faransa a wannan ciniki shi ne ta samu hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Chadi. Layin ya ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura, wani yanki nata na arewa ya faɗa hannun Faransa, dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu.

A nan ne tarihin Daura ya bambanta da na sauran masarautun daular Sakkwato. A Kano, Katsina da Zazzau, Turawa sun canza sarakuna amma sun bar mulki a hannun gidajen Fulani. A Daura kuwa, cikin shekarun farko na mulkinsu, sun kawar da gidan Fulani, suka ɗauko Sarkin Zango Malam Musa suka naɗa shi Sarkin Daura, suka haɗe Daura, Zango da Ɓaure ƙarƙashinsa. Ta haka gidan sarautar Hausa ya koma birninsa bayan kusan shekara ɗari, abin da takwarorinsa na Maraɗi da Tsibiri da Abuja ba su samu ba.

Malam Musa ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi ya yi shekara 55 a kan gado, har zuwa 1966. A zamaninsa ne tsarin En'e ya kafu sosai, da baitulmali, kotunan alƙalai, 'yan doka da gidan yari, duk ƙarƙashin Sarki. Noman gyaɗa don sayarwa ya bazu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, haraji da jangali kuma suka tilasta wa talaka neman kuɗin Turawa. A 1934 aka kafa Lardin Katsina, wanda ya haɗa masarautun Katsina da Daura.

Daga 1966 zuwa yau

Muhammadu Bashar ya hau gadon sarauta a 1966. Kafin nan yana riƙe da sarautar Wamban Daura, kuma ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello. Ya yi shekara 41 yana sarauta, sunansa kuma ya shiga kunnen Hausawa ko'ina ta waƙoƙin da Musa Ɗanƙwairo ya yi masa. A zamaninsa ne ikon sarakuna ya ragu: gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya miƙa mulkin ƙasa ga majalisun ƙananan hukumomi.

A ɓangaren jiha, Daura ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976. Ranar 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohon lardin. Bayan rasuwar Sarki Bashar a Fabrairun 2007, aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar, wanda a lissafin fada shi ne Sarki na 60.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba. Naɗi da tuɓewa suna hannun gwamna bisa dokar jiha, bayan masu zaɓen sarki sun ba da shawara. Duk da haka tsarin hakimi, dagaci da mai unguwa shi ne hanya mafi kusa da talaka wajen sulhu, rikicin gona, rigakafin cututtuka da shaidar zama ɗan gari.

Zamanin Buhari da abin da ya bari

An haifi Muhammadu Buhari a Daura ranar 17 ga Disamba, 1942. Ya yi shugabancin ƙasa na soja daga 31 ga Disamba, 1983 zuwa 27 ga Agusta, 1985, sannan ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaba daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a gidansa na Daura bayan kwana biyu.

A shekaru takwas na mulkinsa na farar hula, garin ya samu cibiyoyin tarayya da dama. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da asibitin rundunar sojin sama da aka buɗe a 2019, da bataliya ta 171 ta sojan ƙasa. Akwai kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin gina ta. Mafi girma a cikinsu shi ne layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Layin ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Kafin waɗannan, manyan makarantun garin na jiha ne, irin su Kwalejin Shari'a ta Yusuf Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya.

Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin son kai na mai mulki ga mahaifarsa. Masu kare shi suna cewa yankin iyaka da aka daɗe da mantawa da shi ne ya samu rabonsa. Akwai ɓangare na uku da ba a cika ambata ba: mafi yawan waɗannan cibiyoyi a birnin Daura da kewayensa suke, kuma manufofin gwamnatin nan ɗaya sun yi wa ƙauyukan iyaka tsanani. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a soma buɗe wasunsu ba sai Disambar 2020. A Nuwambar 2019 hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, umarnin da ya shafi garuruwa da yawa a Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Duk lokacin da aka rufe Kwangwalam, ɗan kasuwar Mai'aduwa da manomin Ɓaure ne suke fara jin zafin a aljihunsu.

A fannin tsaro, masarautar ba ta cikin yankunan da 'yan bindigar daji suka fi addaba a jihar, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara da Faskari, waɗanda suke jingine da dajin Rugu da iyakar Zamfara. Amma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Ranar 1 ga Mayu, 2019, aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu jami'an tsaro suka kuɓutar da shi a Kano.

Al'ada da wuraren tarihi

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin gari, an gina mata ɗaki an kewaye ta, baƙi da ɗalibai suna zuwa gani da shan ruwanta. A fadar Sarki ana adana takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Babban bikin da Daura ta yi fice da shi shi ne Sallar Gani, wadda ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi, inda hakimai suke shigowa birni da dawakai da makaɗansu, a yi hawa, a tuna tarihin gari. A bukukuwan Sallah kuma akwai Hawan Magajiya, wanda sunansa kaɗai yake tuna wa jama'a zamanin da mata suke riƙe da gari.

Batun Jihar Bayajidda

Shekaru da dama ke nan wasu 'yan yankin suna neman a ƙirƙiro Jihar Bayajidda mai hedikwata a Daura, kuma buƙatar tana sake tasowa duk lokacin da Majalisar Tarayya ta buɗe zaman gyaran tsarin mulki. Sashe na 8 na kundin ya gindaya sharuɗɗa masu wuya: goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya, na jiha da na ƙananan hukumomi, ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu cikin uku na jama'ar yankin za su amince, amincewar mafi rinjayen jihohin ƙasar, sannan ƙudurin kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja. Tun bayan Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963, babu gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiro jiha, na ƙarshe kuma Janar Sani Abacha ne ya yi su a 1996.

Abubuwan da za su yanke makomar masarautar a shekaru masu zuwa sun fi kusa da haka. Na farko, ko za a kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi, a kuma ci gaba da ba cibiyoyin tarayyar da ke garin kuɗin gudanarwa yanzu da babu ɗan gari a fadar shugaban ƙasa. Na biyu, yadda dangantakar Abuja da Yamai za ta kasance, tunda rabin kasuwar yankin a tsallaken iyaka take. Sai kuma ƙasar noma da ruwa, waɗanda jama'a suke ƙaruwa a kansu alhali su ba sa ƙaruwa. Waɗannan duka ana iya bin diddiginsu a kasafin kuɗin tarayya da na jiha, da kuma kason da ƙananan hukumomin nan biyar suke karɓa daga asusun tarayya kowane wata.